Kuskuren Da Ke Bangon Malam

Tun da na ajiye aiki na dawo ƙauye, samarin unguwarmu suka laƙaba mini Ustaz Zaman Inuwa. Ba a gabana suke faɗa ba, amma kunnena bai mutu ba tukuna. A ganinsu wanda ya ƙare rayuwarsa a kan lissafi bai taɓa yin aiki ba. Ba rana, ba laka, ba ciwon bayan da mai tsinkar auduga ke kwana da shi, daga alli sai kujera. Wani ɗan ƙanena har wayarsa ya ɗaga mini, wai duk abin da na koya ita tana gama shi kafin shayi ya huce. Ban yi masa musu ba, domin in dai tarawa da rabawa ne ta fi ni nesa ba kusa ba, ni ko shekarun 'ya'yana sai na tambayi uwarsu. Sai dai ba ƙirga ce sana'ata ba. Tunda kun ce zaman banza ne, ku saurara in gaya muku yadda ake yin aikin, da inda ya kayar da ni.

Aikin farko da aka ba ni a wannan sana'a takalmi ne. Ina sabon shiga karatun gaba da digiri a jami'a a Madani, babban birnin yankinmu na Jazira, malamina ya kira ni ofishinsa, ya tuɓe takalminsa na fata ya ɗora a kan tebur. Ya ce in kifa hancinsa ƙasa, sannan in mirgina shi dama, in lura da inda ya fuskanta. Na yi. Ya ce in mayar da shi yadda yake, wannan karon in fara mirginawa dama kafin in kifa. Na yi, sai ga takalmi yana kallon wani wuri daban. Juyi biyun nan dai su ne, wanda ya riga wani kawai aka sauya. Ya mayar da takalminsa ƙafa ya ce in tafi, kada in dawo sai na iya auna wannan bambanci, in kuma bayyana abin da ya sa in juye-juyen ƙanana ne bambancin yake kusan ɓacewa amma ba ya ɓacewa. Damina guda na yi a kan haka, ina jujjuya silifas ɗina a ɗakin kwana har abokan zamana suka fara tambaya ko lafiya.

In ka tattara duk juyin da abu zai iya yi a hankali, ba tsalle ba yankewa, ka haɗa su wuri ɗaya, wannan taro shi ne muke kira zumra da Larabcin aji. Littattafan Turai suna kiransa da sunan wani mutumin ƙasar sanyi da ya fara bin diddiginsa. Wannan rabin sana'ata ke nan. Ɗaya rabin kuwa, ku ɗauki kankana ku sa mata tururuwa. Duk inda tururuwar ta tsaya, in ta duba kewayenta iri ɗaya za ta gani. Ku soka ƙaya daidai inda take, ku juya kankanar rabin zagaye a kan ƙayar: hanyar da ke gabanta ta koma bayanta, ta baya ta dawo gaba, kankana kuma ba ta canza kama ba. Filin da za a iya yi masa haka a kowane gurbi nasa shi ne fili mai daidaito. Shimfiɗaɗɗiyar ƙasarmu ta Jazira misali ce, in da ba ta da iyaka. Akwai wasu da yawa waɗanda hannu ba ya kama su, ido ba ya ganinsu, sai dai a bi su da alli. Kowane ɗaya yana da zumrarsa, kuma ta bakin zumrar ake jin labarin filin.

Kayan aikinmu ba su da kwarjini. Alli, allo, da tsumman goge allo, kuma tsumman ya fi aiki, domin abin da kake gogewa ya ninka abin da kake bari. Na taɓa kwashe wata da watanni a kan mataki ɗaya da ya ƙi fita, ina rubutawa da safe ina sharewa da la'asar, har ƙurar alli ta tsattsaga mini yatsu. A cikin raksha, babur ɗin haya mai ƙafa uku, na gano matsalar, a hanyar kasuwa, alamar ragi ce na bari a inda ya kamata ta juye. Na sa direban ya tsaya na rubuta a tafin hannuna, ya bi ni da kallon tausayi. Masu sayen hajarmu kuma ba su da yawa. Ɗaliban injiniya su zo su ce a ba su ƙa'ida kawai, hujja ta zauna a wurinka. 'Yan uwa su tambaya ko abin yana maganin wani abu. In ka gama aikin shekara, waɗanda za su iya karanta shi a duk duniya mota ɗaya za ta kwashe su har da sauran kujeru.

Amma kayan aikin da ya fi kowanne wuyar samu mutum ne. Duk gwanintarka ba ka ganin kuskurenka, domin kan da ya haifi kuskuren shi ne yake dubawa. Dole ka sami wanda zai zauna da hujjarka da niyyar rushe ta, ya bi ta layi layi, in ya sami rami ya dube ka ya ce nan ba daidai ba ne. Mai duba muke ce masa. Wanda ba shi da mai duba ba lissafi yake yi ba, zance yake yi da kansa.

Malamin nan mai takalmi ba zan rubuta sunansa ba. Ɗana na fari sunansa ya ci, ko yaron ma ba na kiransa da shi, Abba muke ce masa. Malam ɗan ƙauyen da ke maƙwabtaka da namu ne a yammacin Managil, kakanninmu tare suka taso daga ƙasar Sakkwato. Shi ne Bahaushen farko da muka ji an ce yana koyarwa a jami'a. Ya tsinto ni ina sakandare a Managil, ya zo har gida, mahaifina ya kama hannuna ya sa a nasa ya ce ga ɗanka nan. A gidansa na zauna a Madani, shi ya tsaya mini ranar aurena. Ban taɓa zama a kujera yana tsaye ba, ban taɓa ɗaga ido na haɗa da nasa ba, kuma ba wanda ya koya mini haka, haka muka tashi muka ga ana yi wa uba.

Shi kuwa Malam a aji wani mutum ne daban. Yana da al'adar dasa kuskure da gangan a tsakiyar darasi, ya ci gaba da rubutu kamar ba komai, yana jiran wanda zai tsayar da shi. Yakan ce a gaban allo babu babba babu yaro, daidai ne kawai da kuskure. Sau da yawa ni nake fara hango abin. Sai in taɓa na kusa da ni, wani Balarabe ɗan arewacin ƙasar nan mai saurin baki, in nuna masa layin da ƙasan biro, shi kuma ya daka tsawa ya ce ya Ustaz tsaya. A miƙa masa alli, a yaba masa, ni ina sunkuye ina jin daɗi. Da na zama malami ni ma, na yi suna wajen tsanani. Hujjar abokan aiki na sha yayyaga ta ba tare da na ji ko ɗar ba, ɗalibai suna gudun a sa ni cikin masu jarraba su. Ta Malam kuwa in ya ba ni dubawa sai in same ta garau, shekara da shekaru. Allah ya rufa mini asiri ne kawai, domin Malam ba ya kuskure na gaske.

Ɗaliba mafi kaifi da na taɓa samu ita ce Asma'u, Bahaushiya daga Abu Na'ama, matar wani ɗan tireda a Managil. Ranar da na kai ta gaishe da Malam, lokacin ya riga ya yi ritaya, ya dube ta ya ce ɗalibar ɗalibinsa ai jikarsa ce. Shi ke nan ya buɗe wa kansa ƙofa. Kun san yadda jika take da kaka a wurinmu. Abin da ɗa ba zai iya furtawa ba ko da wuƙa a wuya, jika za ta faɗe shi tana dariya, a yi mata dariya. Asma'u ta riƙa ce masa tsoho, ta ce rubutunsa kamar kaza ta bi ta kan allo, shi kuma ya ce ta ƙi shi ta auri mai sayar da sabulu. Ni in suna yi sai in kau da kai, kunya ta ishe ni.

Sai shekarar da yaƙi ya iso Madani. Ba zan ba ku labarinta ba, da idonku kuka ga mutanen da suka cika makarantu da gindin bishiyoyi. Abin da ya shafi sana'a zan faɗa. Jami'a ta rufe, littattafan da muka tara muka baro su a can, abokan aiki suka watse, wasu Masar, wasu ƙasashen Larabawa, wasu ba mu sake jin ɗuriyarsu ba. Na dawo gidanmu, Malam ya koma nasa, Asma'u tana gidan surukanta a Managil. Babu wuta, babu alli, takarda ta zama abin lallaɓawa. Na ɗauka aiki ya mutu ke nan, na koma taya yayana ban ruwa a hawasha, wato gonar da aka yanka wa mahaifinmu.

Malam bai yarda ya mutu ba. Ya sa aka kwashe buhunan dawa daga wani ɗaki, aka shafe bangon da farar ƙasa, ya riƙa rubutu da gawayi. Akwai wata tambaya da ta daɗe tana cinsa tun ina ɗalibi, a kan yadda miƙaƙƙun hanyoyi suke haɗuwa da rabuwa a cikin filayen nan masu daidaito. Yanzu da duniya ta ƙyale shi sai ya zauna mata. Wata safiya ya aiko a kira ni. Na hau keke na je, na tarar da shi a ƙofar ɗakin, hannuwa baƙi ƙirin, fuska kamar ta ango.

"Sa'idu, shigo ka gani," in ji shi. "Abin da munka yi ta bi tun kana yaro, ya faɗi. Halas, an gama."

Bango uku ya cika, daga tsayin hannunsa har ƙasa. Ya ce tsofaffin ɗalibansa da abokansa na waje sun shirya taro ta waya mai hoto don girmama shi, za a haɗu daga ƙasashe da yawa, kuma sun roƙe shi ya yi jawabi. Wannan zai gabatar. Ya miƙo mini guntun gawayi ya ce in duba masa, ba shi da kowa sai ni.

Na fara daga bakin ƙofa ina bi. Bangon farko ya yi kyau har na ji ƙwalla, domin hannun Malam ne sak, ba layin da ya yi yawa. A bango na biyu, kusa da taga, na tsaya. Ya ɗauki fuska ɗaya ya yi lissafi a kanta, sannan ya rubuta cewa sauran fuskoki duk kamar wannan suke. A kan kankana da danginta haka ne, duk inda ka juya ɗaya ne. Amma a cikin manyan filayen da yake magana a kansu akwai wasu 'yan fuskoki da suka ware kansu, kuma a kansu abin da ya yi rabawa da shi sifiri yake komawa. Ko ɗan firamare ya san ba a raba abu da sifiri. Duk abin da ke bango na uku a kan wannan layi ya tsaya.

Da farko na yi murna, na ce dasawa ya yi kamar da, gwada ni yake. Na saci kallonsa. Yana zaune a kan gadon igiya yana zuba jabana, gahawar nan tamu mai citta, yana murmushi shi kaɗai. Ba fuskar mai jira ba ce, fuskar wanda ya gama ce.

"Mi ka gani?" ya tambaya.

Na ce, "Allah shi gafarta Malam, aiki ne babba. A ba ni lokaci in bi shi a tsanake."

"Tamam, ya yi. Bi shi da mugunta, kada ka raga mini."

Makonni na yi ina zuwa. Kullum a kan keke ina shirya maganar, har da yadda zan fara da inda zan ajiye idona. In na shiga na durƙusa na gaishe shi, ya miƙo mini kofi da hannunsa, sai in karɓa in haɗiye maganar tare da shi. Na gwada gyara ramin a ɓoye, ko zan zo masa da magani tare da ciwon, abin ya ƙi, domin ba tsaguwa ba ce, ginin ne ba shi da tushe a wannan gefen. Na gwada zagaye. Na ce masa wannan layin na kusa da taga ban gane shi sosai ba. Ya tashi da haƙuri ya sake yi mini bayani kamar yadda ya rubuta, ya ce gajiya ce, in rage aikin gona. Na ce to. Ina fitowa na ji kamar in nutse a ƙasa.

Ranar taro kuwa tana matsowa. Na san waɗanda za su saurare shi, ni na san irinsu domin ni ma irinsu ne. Ba za su yi minti nawa ba wani zai ɗaga hannu, cikin ladabi, a gaban kowa, ya nuna layin. Daga nan abin da za a riƙa tunawa da Malam ke nan: tsohon da ya zauna a ƙauye ya raba da sifiri. Aikin shekarunsa duka sai ya koma bayan wannan labari. In na yi shiru na kashe shi, in na yi magana kuma ban san da wane baki ba.

Sai na tuna da Asma'u. Na je Managil na same ta a tsakar gidan surukanta tana tankaɗe, na zana mata layin a ƙasa da tsinke. Ba ta daɗe ba ta dafe baki.

"Ya Ustaz, ka gaya mishi?"

Na ce ban iya ba, shi ya sa na zo. Ita jika ce, in ta faɗa da wasa ba wanda zai ce ta yi rashin kunya.

Ta karkaɗe hannunta ta dube ni yadda ɗaliba ba ta saba duban malaminta ba. "Kai ka gani, kai ke da haƙƙin faɗi. Kuma Kaka ba yaro ba ne. In na faɗa da wasa zai san ba wasa ba ne, zai kuma san inda na samo."

Na ce ta taimake ni don Allah. Ta ce ma'alesh, ba komai, za ta zo, amma don tsohon za ta yi.

Da hantsi ta iso ranar da muka sa, a kan amalanken jaki, ɗauke da kankana da sandar rake. Ina zaune a kan tabarma a bakin ƙofar ɗakin Malam. Tun daga waje ta fara.

"Ina tsohon nan mai ɓata bangon mutane? Ga toshi na kawo. Kankana taka ce tunda haƙora sun ƙare, rake nawa."

Malam ya washe baki. "Mai sabulun ya kore ki ne kika tuna da ni?"

Suka taɓa wasansu, ta gaishe shi da kyau, ta zauna ta ajiye kayan a gabansa. Sannan ta ce tana da tambaya irin ta yara, in kansa bai riga ya tsufa ba. Tururuwa a kan kankana, in ta miƙe ba ta karkata ba, tana komowa inda ta tashi?

"Tana komowa," in ji shi.

"Ko wace fuska ta bi?"

"Ko wace fuska. Wanga ai darasin farko ne, ja'ira."

Ta ɗaga raken ta riƙe shi a kwance. "To bisa wanga fa? Mu ce ba shi da ƙarshe. Shi ma ai mai daidaito ne, ka soka ƙaya ko'ina ka juya, bai canza ba."

"Shi ma haka. In ta zagaya ta kan gaɓa ta komo. In ta bi tsawonsa kuwa ba ta..."

Bai ƙarasa ba. Ya zuba wa raken ido. Na ga murmushin yana sauka daga fuskarsa a hankali. Ya dafa gwiwa ya miƙe, bai nemi sandarsa ba, ya nufi bango na biyu kai tsaye, ya ɗora yatsa a kan layin da ke kusa da taga. Ba wanda ya nuna masa. Ya daɗe a tsaye, yana duban layin, yana duban bango na uku. Ni dai tabarma nake kallo.

Can ya ɗauki gawayi ya zagaye layin da da'ira, ya juyo yana dariya, dariya ta gaske. "Kin kashe ni da rake, 'yar banza. Allah shi yi miki albarka. Shiga ciki ki kai wa kakarki kankanar, ki ce a yanka."

Ta ɗauki kankanar ta fita. Ya koma ya zauna a gadon igiya, ya goge hannunsa da tsumma, yatsa bayan yatsa.

"Yaushe ka gani?"

Ƙarya ba ta zo mini ba. Na ce tun ranar da ya fara nuna mini.

Ya gyaɗa kai. Ya ci gaba da goge hannunsa. Da ya zage ni da na ji sauƙi.

Kwanakin da suka rage shi da Asma'u suka yi su a ɗakin nan, suna ware abin da ya tsira. Ba kaɗan ba ne, duk abin da ya shafi kankana da danginta ya tsaya daram, kuma sabo ne. Ranar taro muka tafi Managil, wani shago da ake samun intanet, muka zauna a bayan kanta tsakanin katan-katan na sabulu, waya a jingine da gwangwanin madara. Fuskoki suka fito ƙanana ƙanana, mutanen da na yi shekaru ban gani ba. Malam ya gabatar da abin da ya tsaya. Sannan ya ce akwai kashi na biyu da ya ɗauka ya gama, ashe ya faɗa rami, ya nuna musu ramin da kansa, ya ce ya bar wa matasa su cike. Na ga manyan mutane suna gyaɗa kai suna rubutawa. Wani dattijo ya ce wannan ramin ya fi hujjoji da yawa amfani. Sunan Malam ya fita lafiya, har ya ƙara haske.

Sai wani ya tambaya wa ya gano kuskuren, a ƙauye, babu littafi babu wuta.

Malam ya jawo wayar ya karkata ta wajena. Ya ce da Larabci, "Ɗalibina ne, Sa'idu. Tun ranar farko ya gani."

Suka tafa. Balaraben nan ɗan arewa, wanda nake taɓawa a aji, yanzu furfura ta cika masa kai, ya ce ai Sa'idu tun can haka yake, ba ya raga wa kowa. Aka yi ta yabona, wai irin ɗalibin da kowa ke roƙon Allah ya ba shi. Asma'u tana gefe ta sunkuyar da kai tana wasa da bakin mayafinta. Ban taɓa jin kunya irin ta wannan rana ba, kuma babu kalma ɗaya ta ƙarya a abin da Malam ya faɗa.

A hanyar komawa muna bayan amalanke ni da shi, rana ta yi sanyi, muna bin gefen magudanar ruwa. Na tattara duk ƙarfin da nake da shi na ce ya yafe mini, girmansa ne ya hana ni.

Ya ce, "Na sani. Ba ka yi laifi ba, ɗa na gari haka shika yi." Muka wuce wata gonar gyaɗa kafin ya ci gaba. "Amma 'ya'ya ina da su, Sa'idu, ga su nan cike da gida, kowa na durƙusa mini. Ba don in ƙara ɗa na ɗauko ka daga Managil ba. Mai duba na so in samu."

To kun ji. Alli ba shi da nauyi, gaskiyarku ne, inuwa ma akwai ta. Wanda duk yake sha'awar sana'ar a cikinku ya zo, zan koya masa takalmi da kankana da duk abin da na sani. Abu ɗaya ne ba zan iya koya masa ba, sai dai in tura shi wurin Asma'u.

Malam yana nan da ransa, ƙafa ce kawai ta yi rauni. Duk Juma'a bayan an sauko nakan je gaishe shi. Yana karɓata da fara'a, ya sa a shimfiɗa mini tabarma a rumfar ƙofar gida, a kawo jabana, ya tambayi Abba da sauran yara ɗaya bayan ɗaya. In Asma'u ta iso sai ya ce in yi haƙuri, suna da ɗan aiki. Ya dafa kafaɗarta su shiga ɗakin, a sake labule. An sake shafe bangon da farar ƙasa, na ji an ce sun yi nisa a kan ramin, ban dai ga abin da suka rubuta ba. Daga inda nake zaune ina jiyo muryarta tana cewa a'a Kaka, wannan bai fita ba, sake. Ina jin shi yana gardama, can kuma ya yi dariya. Nakan shanye kofina in jira su fito, in yi masa sallama kafin in hau keke.